Trudy Ta Ƙi Tashi

"Ta mutu! Mama, na rantse ta mutu!"

Wendell Krug ya faɗo kicin a guje, doguwar hularsa ta biki a karkace, rungume da Trudy kamar buhun gari. Trudy ce gafiyar garin Kettle Run, yau kuma biyu ga Fabrairu, ranar da ake ɗaga ta a gaban jama'a da ƙarfe bakwai da rabi na safe. In ta ga inuwarta, sanyi zai ƙara mako shida. In ba ta gani ba, ɗumi ya kusa. Saura minti arba'in.

Mahaifiyarsa Opal, mai shekara tamanin da ɗaya, ta ajiye kofinta, ta tsokani cikin dabbar da gindin cokali. Trudy ta saki gyatsa mai ƙarfi, ƙamshin sukari ya cika kicin.

"Matacce ba ya gyatsa, sakarai. Ƙoshi ne."

Matarsa Doreen ta matso ta shinshina, sannan ta juyo a hankali. "Wendell. Ƙamshin donat nake ji."

"Wane donat kuma?"

"Wanda likita ya hana ka tun bara. A ina kake ɓoye shi?"

Wendell ya kalli takalmansa. "A bayan kejinta. Guda goma sha biyu ne kacal, masoyiya. Kuma ni biyu na ci."

"Ita ta ci goma ke nan! Kai da gafiyar, ban san wanda ya fi wani hankali ba."

Ba faɗan Doreen ne ya fi tayar masa da hankali ba. Hular mai riƙon gafiya tana gidan Krug tun zamanin kakansa, magajin gari Hubbard kuwa ya daɗe yana neman dalilin da zai ɗora ta a kan surukinsa. Bara da Trudy ta ciji Hubbard a babban yatsa ya faɗa a fili: kuskure ɗaya ya rage.

"Ku ƙyale ta ta yi barci, zai sake ta," in ji Opal. Maganinta ke nan na kowace cuta. Haka ta ce ranar da Wendell ya faɗo daga rufin rumbu, haka ta ce ranar da marigayi mijinta ya haɗiye haƙorin roba.

"Barcin minti nawa, Mama?"

"Babanka kwana biyu ya yi."

Wendell ya kai kofin gahawa mai zafi hancin Trudy. Shiru. Doreen ta hura mata na'urar busar da gashi har gashinta ya miƙe. Shiru. Ya ɗauko ƙahon da yake busawa tun yana makaranta, ya busa har karen maƙwabta ya kama haushi. Trudy ta juya ta ɗora hannu a tumbi.

"Shige mota," in ji Doreen. "Ka je ka sha kunyarka a tsaye."

Mutum ya fi dubu a dandalin gari, kowa na rawar sanyi, makaɗa na ta kiɗa. Rana ta fito tar, inuwar kowa kwance a kan dusar ƙanƙara. Hubbard ya tarbe shi a kan dandamali da murmushi.

"Yaya mutuniyar, Krug? Na ga kamar ba ta motsi."

"Tunani take yi, ranka ya daɗe."

Wendell ya ɗaga ta sama. Kan Trudy ya langaɓe daidai bakin makirufo, sai minsharinta ya fito ta lasifika huɗu kamar ana tayar da tarakta. Surukin Hubbard har ya fara shafa kansa, yana jiran hular.

Al'ada ce mai riƙo ya kara kunne a bakinta, ya faɗa wa gari abin da ta gani. Wendell ya kara, gumi na bin wuyansa cikin wannan sanyi. Ya dubi idanunta a rufe gam. Sai ya miƙe.

"Jama'ar Kettle Run! Trudy ba ta ga inuwarta ba!"

"Ƙarya ne!" Hubbard ya daka tsawa. "Ga inuwar nan a ƙasa, har da ta wutsiya!"

"Kai ka gan ta, Hubbard," Opal ta ɗaga murya daga layin gaba. "Ita da wane ido ta gani? Ko kai ne gafiyar?"

Dandali ya ɓarke da ihu da tafi. Shekara tara ke nan rabon garin da albishirin ɗumi. Huluna suka tashi sama, wata tsohuwa ta rungume ɗan sanda. Hubbard ya dubi masu jefa masa ƙuri'a, ya gyara wa Wendell zaman hular da hannunsa.

Wendell na saukowa, Trudy na minshari a kafaɗarsa, sai wata farar mota ta ci burki a gabansa. Wata mata da ba wanda ya taɓa gani a garin ta fito, sanye da koriyar kwat, tana zura safar hannu ta roba.

"Kai ne Krug? Daga hukumar kula da namun daji nake." Ta goge gashin bakin Trudy da yatsa, ta ɗaga yatsan ga haske, garin sukarin donat maƙale a jikinsa. "Wannan farin abin, mene ne?"