Daktar Kwak ta Agege

Raliya ta dawo Agege hutu daga Turai, inda take aiki da wani makeken inji da aka binne a ƙarƙashin ƙasa. A cikinsa ake harba ƙananan ƙwayoyin zarra su yi karo, ita kuma aikinta auna nauyin wani ɗan mitsitsin abu da ake kira top kwak. Ta sha yi wa mahaifinta, Alhaji Mahbub mahauci, bayani ta waya. Ashe kalma ɗaya kawai ya riƙe.

Tana cikin karyawa da burodi da shayi sai ga Haoua maƙwabciyarsu, 'yar Maraɗi mai fura, ta yi sallama rungume da agwagwa.

"Dakta, sannu da hanya. Ta daina cin abinci, ga zawo. Alhaji ya ce duk Turai babu wanda ya kai ki sanin kwak-kwak."

Raliya ta juya ta dubi mahaifinta. Ya gyara hula, yana murmushin alfahari.

"Baba, ba fa agwagwa ba ce. Wata 'yar ƙwayar zarra ce, ta fi duk 'yan'uwanta nauyi. Kafin a gan ta ma ta tarwatse, sai mu bi ɓaraguzan mu gano nauyinta."

"Wato ke ba ki taɓa ganin ta ba?"

"Babu wanda ya taɓa gani."

Alhaji ya ce, "Kamar motocin danfo biyu su gwabza a Abule Egba, ki tsinci gilasai, ki ce ga nauyin direba?"

"Kusan haka. Idan lissafin ya saɓa da abin da aka sani, to mun gano sabon abu ke nan."

"Kun gano?"

"Tukuna dai."

Haoua ta ce, "Allah sarki! Allah ya bayyana muku ita." Sannan ta ɗora mata agwagwar a cinya.

Raliya ta buɗe baki za ta sake bayani, ta ga yadda matar ta zuba mata ido, sai ta fasa. Ta ɗauki waya ta kira wata ƙawarta likitar dabbobi, ta koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Ta dawo ta ce a ware agwagwar, a daina barin ta sha ruwan kwata, ga sunan magani.

Kafin mako ya zagayo agwagwa ta miƙe, har tana korar kajin unguwa.

Ranar da Raliya za ta koma, ta fito da akwati ta tarar da wani mutum daga Idi-Araba ya sauka daga keke, talotalo a hammatarsa.

"Baba, don Allah ka gaya masa gaskiya."

Alhaji ya dubi talotalon sama da ƙasa. "Malam, wannan ba fanninta ba ne," in ji shi. "Amma shigo da shi, jirginta sai yamma."