Layin Wanda Ya Gwada

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da ke cina a rai, in na faɗe shi da baki, sai ya zama kamar ba komai ba.

Aikin Yayana shi ne rubuta abin da suke kira direba, wato ɗan shirin da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Yana yi wa wani tsarin kwamfuta ne da ba mallakar kowa ba. Mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu suna gina shi, duk mai so ya buɗe cikinsa ya gyara. Rabon Yaya a ciki tsofaffin firintoci ne, irin ta shagonmu na buga takardu, wadda kamfaninta ya daina waiwayarta.

Shi yana ɗakin baya da kwamfutarsa, ni ina gaban firinta. Shiru suke kirana a gida, don ba ni da yawan magana. Ya ce, "Shiru, jona," in jona waya. Ya ce, "Cire," in cire. In sa takarda, in jira, in kai masa abin da ya fito. Wani sa'in rabin shafi, wani sa'in baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Mun fi shekara a haka, har tawada ta yi gida a farcena.

Suna da wata ƙa'ida. In mutum ya aika gyara, a ƙasa akwai layin da ake sa sunan wanda ya gwada shi, da adireshinsa na imel, kuma sunan yana nan muddin tsarin yana nan. Ranar da Yaya zai aika na farko ya leƙo.

"Shiru, in sa sunanki?"

Na sunkuyar da kai. "A'a Yaya, bar shi kawai."

"To," in ji shi, ya koma. Na jira ya sake tambaya, yadda ake maimaita wa baƙo tayin abinci. Bai sake ba.

Sai Autarmu ta dawo hutu daga jami'a, da sabon gilashi da baki kamar rediyo. Wata rana Mama ta aike ni kasuwa daidai lokacin da Yaya ya gama wani babban gyara. Auta ce ta jona wayar, ta danna maɓalli, shafi ya fito tas. Ina shigowa da kaya na ji Yaya yana cewa, "In sa sunanki?"

"Sa mana. Da manyan baƙaƙe ma, in da hali."

Kafin mako ya zagayo, mai kula da ɓangaren firintoci a can wata ƙasa ya karɓi gyaran, har ya yi godiya ga wadda ta gwada. Auta ta bi kowa da waya tana nuna masa. Ta nuna wa Mama, ta nuna wa telan da ke maƙwabtaka da mu, ta nuna wa masu zuwa buga takarda.

"Ashe injiniya biyu na haifa ban sani ba," in ji Mama.

Ina gefe ina jera takardu, ina buga su a tebur da ƙarfin da bai kamata ba.

"Yaya Shiru, wannan kumburin fa?" in ji Auta. "Ko firintarki ce ta yi miki butulci? Da ta ga hannun arziki ai sai ta miƙe."

Suka yi dariya. Na yi tawa ta fatar baki.

Da muka zo rufe shago, Auta ta riga ta wuce gida, na tsaya a bakin ƙofar Yaya ina murza gefen mayafina.

"Yaya, sau ɗaya ta danna."

Ya ɗago. "Wa?"

"Auta."

Ya daɗe yana kallona kafin ya gane. "Ke fa kika ce in bari."

"Sau ɗaya ka tambaye ni."

"To sau nawa ake tambaya?" Ba gatse yake ba, da gaske yake son sani. Ya sosa ƙeya. "Wancan ya riga ya shiga, ba ya gogewa. Amma akwai gyaran bugu mai kala yana tafe, kuma ke za ki gwada. Sai dai ba sa karɓar suna ba adireshi. Ki ce Auta ta buɗe miki, ba ya ba ta wuya."

Washegari da safe na tarar da Auta a falo, ta miƙe ƙafa tana latsa waya. Na amsa gaisuwarta, na sa takalmi, na gangara bakin titi wurin mai gyaran waya. Na jira ya sallami mutanen da ke gabansa, sannan na miƙa masa wayata na ce ya buɗe min imel. Ya tambayi sunan da za a sa, na faɗi sunana na yanka, bai ji ba saboda ƙarar motoci. Na ɗaga murya na sake faɗa, harafi bayan harafi, har da na mahaifinmu.