Waƙa a Gaban Yaya Dabo

Tun da Yaya Dabo ya sauka daga Kano, hankalin Safara'u bai ƙara kwanciya ba. Magana ɗaya ta kawo shi: zai tafi da ƙaninsa Munzali, mijinta, gida. Dangi sun zauna sun yanke, wai mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki, wanda ko matarsa ba ya ganewa, zaman me yake yi a garin Woodbridge, can ƙasar waje? Gara ya koma inda za a yi masa rubutu da addu'a. Ita kuwa ga yara a makaranta, ga aikinta na asibiti. In aka tafi da shi, an raba su ke nan.

Ta san doka tana bayanta. Amma wace doka ce za ta shiga tsakaninki da yayan miji, wanda shi ya riƙe mijin tun rasuwar mahaifinsu?

Hujja ɗaya gare ta, ita ma abin kunya ce. Munzali dai, injiniya mai gemu, ɗan sahun gaba a masallaci, yana da wata jaraba da ba kowa ya sani ba: tsofaffin finafinan Turawa na soyayya, irin waɗanda ba a magana uku sai an ɓarke da waƙa. Kafin ciwon, in ya tsira daga cunkoson babbar hanya da yamma, sai ya sulale ɗakin ƙasa ya kunna. Akwai wani mawaƙi da yake mutuwar so, namiji mai murya tas, wadda ke hawa sama tana siririncewa har ka riƙe numfashi kana jiran ta tsinke, ba ta tsinkewa. Shekara da shekaru Safara'u tana yi masa tsiya, wai ƙato da shi yana share hawaye don Bature ya rasa budurwa.

Debbie, matar da ke zuwa koya masa magana, ita ta lura leɓɓansa suna motsi in an sa waƙar. Ta ce waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, kuma ya fi kamawa in wani nasa ya ɗauko masa baitin da bakinsa. Safara'u ta sha gwadawa a ɓoye. Wata rana ya bi ta da ɗan gunaguni, wata rana ko kallo ba ta samu.

Ranar Asabar da hantsi Yaya Dabo ya zauna a falo da carbinsa, ya ce a fara haɗa kaya. Munzali yana kan kekensa na marasa lafiya gefen taga, ido a bango. Safara'u ta durƙusa.

"Yaya, wallahi yana gane ni."

"Hajiya, so ne yake gaya miki haka. Tun jiya nake kiran sunansa, ko juyowa bai yi ba."

 Ita da ko ruwa ba ta iya sha a gaban wannan bawan Allah, sai ga shi ta miƙe, ta kunna fim ɗin, ta kai shi wurin waƙar. Ta ja kujera gaban mijinta, ta kama hannunsa mai lafiyar, ta buɗe baki ta bi mawaƙin.

Carbin ya tsaya. Yaya Dabo ya yi gyaran murya, irin wadda ke sa yara su nutsu. Kunya ta rufe ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma wanda ya shiga ruwa ba ya tsoron jiƙewa. Ta ci gaba. Munzali bai motsa ba. Baiti ya wuce, wani ya biyo, shiru. Tsoro ya kama ta sosai: in yau ranar rashin kallon ce, ta zubar da mutuncinta kuma ta rasa miji.

Mawaƙin ya fara hawa. Ta bi shi iya ƙarfinta, har ya kai inda muryarta ba ta zuwa, ta karye, kuka ya ƙwace mata.

A nan wata murya ta ɗauka. Dusasshiya ce, tana tangaɗi, rabin bakin ne kawai ke aiki, amma karin waƙar bai kauce ba. Munzali ya juyo da ido kanta. Da aka zo inda mawaƙin ke kiran sunan budurwarsa yana jan sa, sai Munzali ya ajiye na Baturiyar ya ja nata: Safara'u.

Tun aurensu bai taɓa faɗin sunan nan a gaban wani nasa ba. Maman Nasir yake cewa.

Yaya Dabo ya miƙe a hankali, ya hau laluben takalmansa alhali ga su nan a gabansa. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya ya ba su baya, yana goge fuska da hannun riga.

"A mayar da kayan nan," in ji shi. "Ni zan ɗan zaga waje, ku ƙarasa."