Koren Murjanin Baba Mai Kifi

"Matso kusa, 'yar nan. Kore ne ko ba kore ba ne?"

Na matsa har hancina ya taɓa gilashin. Baba Mai Kifi, maƙwabcinmu, yana kan kujerarsa ya juyo da kunne wajena, don idon ya riga ya tafi, sai inuwa-inuwa yake gani. A gabanmu akwatin gilashi ne cike da ruwan gishiri, da 'yan kifaye, da wani abu mai rassa kamar ƙahon barewa. Shi ne murjanin.

Ni dai murjanin da na sani ja ne, a wuya ake sa shi. Wannan kuwa Baba ya ce dutse ne, ya ce kuma dabba ce, wai har da wani tsiro a cikin jikinsa. Na taɓa ce masa, "Baba, ka zaɓi ɗaya mana." Ya yi dariya har da tari, ya ce in bar wa Allah ikonsa.

Ba banza yake tambayata ba. Auta, 'yarsa, ta daɗe tana so ta ɗauke shi ya koma gidanta, shi kuma ya ce a ɗakin nan matarsa ta rasu, a nan zai jira nasa. Da gardama ta yi tsawo sai suka yi yarjejeniya: muddin murjanin yana kore, alama ce yana iya kula da rai, a bar shi. Ranar da koren ya gushe, zai bi ta ba musu. Ni tela ce, aikina haɗa zare da yadi, shi ya sa aka ɗora mini alƙalanci ba tare da an nemi yardata ba. Tun idonsa na gani ya shiga shagona ya zaɓi zaren da ya yi daidai da launin, ya ce shi ne ma'auni.

Na kara zaren a jikin gilashi. A ƙarƙashin farar fitila murjanin ruwan ƙasa ne, kamar shayi da madara.

"Kin yi shiru," in ji shi. "Kunna shuɗiyar."

Na kunna shuɗiyar fitila. Nan take rassan suka ɗauki wani kore mai ƙyalli, zaren hannuna kuma ya koma baƙi. Ma'aunin ma ya rikice.

"Baba, wallahi kaina ya ɗaure. A fara ba kore ba ne, a shuɗiya kore ne. Wanne ne na gaskiya?"

"Wacce ke kunne yanzu?"

"Shuɗiya."

"To, ai kin ba ni amsa."

Shi da bakinsa ya koya mini cewa yawan abinci ke ɓata ruwa, tsiron nan na ciki ya yi yawa ya rufe koren. Amma a gabana ya lalubo gwangwani ya barbaɗa wa kifin, muka ɗan yi hira, ya sake lalubowa.

"Baba, yanzu fa ka ba su."

"Ni? Tun jiya rabonsu da abinci. Ke dai ba ki da tausayi."

Na ɗauke gwangwanin na ɓoye a bayan labule. Washegari na tarar da shi durƙushe yana shafa ƙasa yana nema, yana ba kifin haƙuri. Raina ya ɓaci ƙwarai, na mayar masa da abinsa. Na rasa abin da ya fi: in faɗa wa Auta a raba shi da ɗakinsa, ko in yi shiru wata rana ya faɗi babu kowa. Maigidana ya ce ruwan da bai kai wuyana ba kada in shiga, alhali ni tuni na nutse.

Ranar da Auta ta zo, da rana tsaka ta zo, farar fitila na kunne. Jaka ce a hannunta babu komai a ciki, wadda za ta zuba kayansa. Baba yana numfashi sama-sama, ƙafafunsa sun kumbura.

"Anti, ki gaya mini tsakani da Allah," ta ce da ni. "Ya abin yake?"

Baba ne ya cece ni.

"Ƙyale ta, Auta. Kina da ido, duba da kanki. Alkawari kaya ne, in koren ya tafi mu tafi."

Ta sunkuya gaban gilashin. Murjanin na nan ruwan ƙasa, ko yaro ya gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta dubi mahaifinta, yadda ya riƙe hannun kujera gam kamar za a fizge shi.

"Kore ne shar, Baba."

Na dube ta, na sake duban murjanin, har na murza idona. Ita da ta yi wata da watanni tana jiran wannan rana! Ta ajiye jakar a bayan ƙofa, ta tambaye ni ko ina da katifar aro, a nan za ta zauna da shi.

Bai ga ƙarshen makon ba. A kujerar nan ya cika da hantsi, Auta na gefensa tana yanke masa farce. Allah ya jiƙansa.

Da mutane suka watse muka zauna mu biyu a ɗakin. Na ce, "Auta, don Allah, ran nan me kika gani?"

Ta ɗauko gwangwanin tana jujjuya shi.

"Anti, kamar yaya yake zuba musu?"

"Cewa yake kaɗan. Ni ban taɓa ganin kaɗan ɗin ba."

Ta ɗebo da yatsu biyu, ta mayar da rabi, ta barbaɗa sauran. Sannan ta miƙa hannu ta kashe farar fitila ta kunna shuɗiya. Zaren yana nan kan murfin akwatin inda na bar shi, kifin na kewaya rassan, kujerar tana fuskantar gilashi.