Sunan Ɗan Farin Sallau

"Sunansa?" tafinta ya sake tambaya.

Sallau ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. "Yaron wajena ne, ranka ya daɗe. Babban."

"Babba ba suna ba ne, tsoho. Mushe, shugaban zaman nan, ya ce suna yake so."

Ni Batulu ina can baya a tabarmar mata. Danga ɗaya ce ta raba gidana da na Sallau mai saƙar malfa tun ina amarya, kuma ban taɓa jin sunan ɗansa na fari ya fito daga bakinsa ba. "Yaron nan" yake cewa, ko "wancan". Wane uba ne mai kunya zai kama sunan ɗan fari, balle a bainar jama'a? Duk Matameye an san haka.

Damina biyu ke nan da gardi, dogaran gwamnati masu jar dara, suka kama ɗan nasa Lawwali a hanyar Ɗan Barto, yana kora jakuna da kaya zuwa iyaka. Jakuna suka dawo gari, shi bai dawo ba. Wasu su ce yana gidan kaso a Damagaram, wasu su ce ya kuɓuce ya yi Kano. Sallau ba ƙarar kowa ya kawo ba. Abu ɗaya yake son ya sani kafin ƙasa ta rufe masa ido: ya yi wa yaron sadaka, ko ya ci gaba da sauraron sallamarsa?

A shekarar ne aka ce an kafa komisiyo, wata majalisa mai duba aikin gardi, wai talaka ya zo ya yi tambaya a ba shi amsa. Mutum uku ne a kan kujeru: Mushe mai tabarau, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci, baƙo daga can bakin teku wanda ba ya jin Hausa, da wani akawu, sai Alhaji Issa, attajirin garinmu, da aka sa a madadin jama'a. Tun daga ƙofa raina ya ƙi abin. Mai shigar da mutane ɗaya-ɗaya Alasan ne, gardi, kuma da shi aka yi kamun hanyar Ɗan Barto. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Da na ga shirun Sallau ya yi yawa, sai na ɗaga murya. "Lawwali sunansa! Kowa a nan ya sani!"

Tafinta ya juyo ya harare ni. "Iya, ba a karɓar magana daga tabarma. Mai tambaya shi zai faɗa da bakinsa. Doka ce."

"Dokar yaushe? Mai akuyar da ya fita yanzu, ai ƙanensa ne ya yi masa rabin magana!"

Bai juya wa Mushe wannan ba. Alhaji Issa ya gyara zama ya ce, "To ni fa? Ina cikin majalisar nan, na kuma san yaron. Ba sai in tambaya ba?"

Aka yi ƙus-ƙus da Faransanci. Tafinta ya ce tambayar 'yan majalisa sai an sallami jama'a an rufe ƙofa. Shi kuma tsoho ya je ya yi tunani, za a sake zama bayan kaka.

A hanyar gida ban bar shi ya huta ba. "Haba Malam Sallau! Kalma ɗaya? Kunya za ta dawo maka da ɗa?"

"Na buɗe baki, Batulu," ya ce. "Wallahi na buɗe. Ya ƙi fitowa."

Tausayinsa ya kama ni, na ƙyale shi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mushe baƙo ne, na yi masa uzuri. Tafinta fa? Bahaushe ne ɗan Bahaushiya, uwarsa ma ba ta kiran sunan yayansa. Wa ya raɗa musu, tun kafin Sallau ya shigo, cewa wanda ake nema ɗan fari ne? Na kwana na tashi da wannan, ina tuƙin ƙuli ina juya shi.

Gyaɗa na fara ƙosawa ciwo ya kayar da Sallau. Ƙafafu suka kumbura, tari ya ƙi tsayawa. 'Yarsa Ma'u ta baro gidan miji a Kurni ta zo jinya, ni kuma ina miƙa kunu ta kan danga. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Alasan. Mutumin da bai taɓa taka zauren nan ba, sai ga shi kowace Juma'a da goro a hannu.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ba ya zama. Zai tsaya yana kallon malfunan da ke rataye a bango, ya yi sallama ya fita. Na ce wa Ma'u kada ta yarda uban ya ci goron nan. Ta ce, "Inna, ƙila tausayi ne." Na ce mai tausayi yakan zauna, wannan awon numfashi yake zuwa yi.

Alhaji Issa ma ya zo dubiya, na tare shi a ƙofa. "Alhaji, da aka rufe ƙofar, ka tambaya?"

"Na tambaya, Batulu. Sun ce ɗan majalisa ba ya shiga maganar da mai ita bai buɗe ba."

"Sai ka yi shiru?"

Ya duƙa yana neman takalminsa da ke gabansa. A gari ana raɗe-raɗin kayan da Lawwali ya kora ran nan na Alhaji ne. Ban gani ba, ba zan rantse ba. Na dai lura bai kalle ni ba har ya sha kwana.

Ranar da komisiyo ta dawo, Sallau ko zama ba ya iyawa. Muka aika a roƙa ko Ma'u ta tsaya masa, aka ce sai mai tambaya da kansa. Ya ce a ɗauke shi. Maza huɗu suka ɗora shi a gadon kara, muka bi ta bakin kasuwa, mutane na miƙewa suna salati, sun ɗauka makara ce.

Alasan ya tare mu a ƙofa. "Ku ajiye shi a inuwa. Sai an gama da waɗanda suka riga."

Muka ajiye shi a gindin gawo. Ana ta shigar da mutane, har waɗanda suka zo bayanmu. Inuwa ta gusa, muka ja gadon. Ta sake gusawa, muka sake ja. Na je na yi magana, Alasan ya ce, "Saura kaɗan, Iya," idonsa a kan ƙirjin tsohon.

Wajen azahar Sallau ya kama hannuna. "Batulu, matso. Bari in gwada, kada in shiga ya sake maƙalewa."

Ya rufe ido kamar mai shirin shan maɗaci.

"Lawwali."

A hankali ya faɗa, amma ya fito sarai. Ma'u ta toshe baki ta fashe da kuka, don tun da aka haife ta ba ta taɓa ji ba. Ni ma hawaye suka zubo mini. Na ɗaga kai, na ga Alasan ya ji. Ya juya mana baya yana gyara ɗamararsa.

"Ya fito?" Sallau ya tambaya.

"Ya fito, Malam."

"To, su kira ni."

Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada. Ma'u ta shafe masa ido, na ja mayafina na rufe shi. Muna cikin haka tafinta ya leƙo daga ƙofa ya ƙwala kira, "Sallau mai malfa!"

Na shiga ba tare da an kira ni ba. Na ce ya faɗi sunan, mu shaida ne, a ba 'yarsa amsa. Tafinta ya juya maganar, Mushe ya cire tabarau ya yi magana a tausashe. Wai yana yi mana ta'aziyya, amma tambaya ta mai ita ce, ta tafi tare da shi. Alhaji Issa yana ta jan carbi.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ta Sallau shi kaɗai. Alasan bai zo gaisuwa ba.

Washegarin bakwai na shiga da safe in taya Ma'u shara, na tarar da ita tsaye a zaure riƙe da tsintsiya, ba ta motsi. A turken bango, inda jiya babu komai, ga malfa a rataye. Saƙar Sallau ce, mai jar fata a tsakar ka, wadda ya yi wa yaron da hannunsa. Ba ƙura a jikinta, gara ba ta taɓa ta ba. A ɗaki aka adana ta duk wannan lokaci. Igiyar haɓarta a tsinke take.

"Inna," Ma'u ta ce, "wanda ya tafi Kano da ƙafarsa, yana barin malfarsa?"

Na duba ƙasa. A rairayin bakin zaure akwai sawun takalmi mai ƙusa irin na gardi, ya shigo ya fita. Ma'u ta share ko'ina, ta kewaye wurin ta bar shi.