Gaisuwar Alhaji Waija

Tun da Inna Azara ta zo Sabon Zango daga ƙauyensu na Nijar don a duba mata ido, sunan mutum ɗaya take ji. In famfo ya kawo, sai surukarta Ruhaina ta ɗaga murya: "Waija ya buɗe, ku kawo bokiti!" In ya ɗauke, a ce Waija ya rufe.

Inna Azara, matar da igiyar guga ta cinye wa tafin hannu tun tana budurwa, ba ta ɗaukar ruwa da wasa. Ta yanke a ranta cewa Waijan nan wani attajiri ne mai tsoron Allah. Har Alhaji ta ƙara masa, don ai mai shayar da gari guda ba zai rasa zuwa Makka ba. Ranar da ya rufe kuwa uzuri take ba shi, ta ce ɗan Adam ne, yana gajiya.

Da tafiyarta gida ta matso, ta dubi ɗanta Ibrahim, wanda 'yan Zango suka mayar Braimah.

"Ka kai ni in gaida Alhaji Waija. Na sha ruwan mutum, ba zan bar garin nan ban yi masa godiya ba."

Braimah ya yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, dam ne fa! Ba mutum ba ne."

Ba ta san dam ba, dariyar kuma ta ɓata mata rai. Ta ɗaura mayafinta mai kyau ta zauna bakin ƙofa. Da ya ga ba sauƙi, ya sa ta a mota.

Suka sauka a kan tudu. Da idonta da aka yi wa aiki ta ga ruwa shimfiɗe har gindin duwatsu, ga katangar siminti ta tare shi. Dam ɗin Waija ke nan. Daɗi ya cika ta, hawaye suka zubo.

"Wa ya gina?"

"Leburori ne, Inna, tun da daɗewa."

"Su wa da wa?"

"Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya riƙe sunansu."

"Kuna sha kullum, ba ku sani ba?" Ta girgiza kai. "To, Allah ya san su."

Ta ɗaga tafukanta masu kanta tana yi musu addu'a. Braimah ya waiga ko ana kallonsu, sannan ya cire kunya ya ɗaga nasa.