Baki da Baƙi

Tun da Loretha Pettiway ta buɗe gidan wasan kwaikwayonta a wani tsohon coci a gabashin Detroit, hukumar birni ba ta taɓa biya mata ko kuɗin wuta ba. Idan watan tarihin baƙar fata ya kama, a ba ta kuɗin wasa ɗaya, a tafa, a ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗi. Rufi mai yoyo da tukunyar ɗumama gida kuwa, ita ta shafa. Bana tukunyar ta mutu murus, ga sanyi ya ƙarato, mai gyara ya ce ko dai sabuwa, ko a rufe gidan.

Ana cikin haka aka ji birni ya ware kuɗin tafiyar da aiki na yau da kullum, albashi da wuta da gyara, don ƙungiyoyin fasaha da baƙaƙe ke jagoranta. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ranar ganawa Loretha ta ɗora hularta ta zuwa coci, ta ɗauki hoton 'yan kwamitinta don a ga ita ma tana da manya.

Jami'ar da ta karɓe ta, Renita Oakes, baƙa ce, a gidan Loretha ma ta fara kallon wasa tana ƙarama. Ta daɗe tana duban hoton.

"Mama Loretha, su ke nan duka?"

"Su takwas cif. Lauyoyi biyu, ɗan banki, ga likita."

"Huɗu farare ne. Ƙa'ida ta ce sai baƙaƙe sun wuce rabi. A lissafinmu, gidanki ba baƙaƙe ke jagorantarsa ba."

Loretha ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ta dubi bayan hannunta, ta dubi Renita.

"Ke yarinya, dube ni da kyau. Ko idon ne ya fara ba ki matsala? Kakata auduga ta tsinta a Alabama!"

"Mama, ba ni na tsara ba."

"A kan kujerar nan fa, shekarun baya, aka ce mini kwamitina ba shi da nauyi! Wai mai aski da direban bas da mai soya kifi, wa zai ba su amanar kuɗi? Ku kuka ce in nemo masu ƙumbar susa!"

Gaskiya ta faɗa. Ta kuwa nemo su, ta sallami mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi yi mata daɗin sallama shi ne Cleophus Gaither mai aski, don ba a taɓa tashi taro bai yi gardama ba, ko a kan kalar labule ne.

Renita ta rage murya. "Mutum ɗaya kike buƙata. Amma wanda ya taɓa zama a kwamitin, kada a ce aro kika yi."

Mai kifi ta rasu, direba ya koma jihar Jojiya. Saura Cleophus.

Loretha ta haɗiye girman kanta ta nufi shagonsa, tana shirya amsar duk wata baƙar magana da zai yaɓa mata. Sai ta tarar 'yarsa Vernell ce riƙe da injin aski. Shi yana zaune gefen taga da bargo a cinya, gefen fuskarsa ɗaya ya zube. Loretha ta matsa kusa da shi.

"Baba Cleophus?"

"Shanyewar jiki," in ji Vernell, ko juyowa ba ta yi ba. "Tun bara bai furta kalma ba. Ba ki ji ba ko? Ina za ki ji, kina can cikin lauyoyi."

Loretha ta faɗi abin da ya kawo ta, tana in-ina kamar sabuwar 'yar wasa, kunya kamar ta nutse. Vernell ta kashe injin.

"Lallai. Da cewa kika yi bakinsa ya yi yawa. To bakin ya tafi, baƙin ne ya rage, shi kuma kika zo nema. Ga shi nan, ɗauki. Ba zai ƙara yi miki gardama ba."

Dattijon ya miƙo hannunsa mai lafiya, ya kama na Loretha, ya gyaɗa kai alamar ya yarda. Ta tsaya tana jiran ya ce ai dama ya gaya mata. Bai ce ba.